Marinin da Ya Koma Bayan Gari

Na ji ka ɗazu, Ɗanjuma, kana cewa duk wanda bai ga abin da ka gani ba ya daina zuwa ƙofar gidanka. To zauna, ƙanena, in ba ka misali.

An yi wani marini, gwani ne na gaske, wannan kam ba a ja. A marinarsu akwai wata al'ada. Kafin mutum ya tsoma tufa, maƙwabtansa kan leƙa rijiyar rininsa su dubi kumfa, su shinshina, wani ya ce toka ta yi yawa, wani ya ce a ƙara kwana biyu. Shi kuwa gogan naka, haram! Ka ce masa toka ta yi yawa, ya ce hassada kake. Ka ce a garinku ba haka ake haɗa baban rini ba, ya ce mutanen garinku ba su san rini ba. Abokinsa na ƙuruciya ma, da ya yi magana sau ɗaya, shekara guda bai amsa masa sallama ba. Ƙarshe ya kwashe kayansa ya haƙa rijiya can bayan gari, inda ba mai leƙa masa. Ya samu abin da yake so, shiru. Shi kaɗai yake cin tuwonsa a bakin rijiya, in ya yi tari ba mai ce masa sannu. Wallahi abin tausayi, sai dai shi gani yake ya huta.

Tsufa ya zo, hanci ya dushe, bai sani ba, don ba mai gaya masa. Ran nan wani mutum ya kawo masa rigar saƙi ta marigayi mahaifinsa, ita kaɗai ya gada, ya ce a sabunta mata shuni. Alhali rijiyar ta kwana uku da lalacewa. Tsofaffin abokan aikinsa suna wucewa ta hanyar kasuwa, warin na dukan hancinsu, kowa ya kawar da kai, don shi ya koya musu yin shiru. Ya tsoma riga, ya tsamo. Sai ga ta dabbare-dabbare, toka ta cinye zare, ya matse ta ta yage a hannunsa. Bai san sa'ad da ya waiwaya ba ya ce, "Jama'a, ku duba mini, me ya..." Bai ƙarasa ba. Ba kowa a wurin sai shi da mai riga, wanda ya tsaya yana kallon tsumman ubansa, hawaye na zuba.

To ka ji, Ɗanjuma. Mai saɓa maka ba maƙiyinka ba ne, ta yiwu hancinsa ne ya riga naka. Hausawa dai sun ce, wanda ya ƙi ji, ba ya ƙi gani ba.