Kayan Koyarwa

"Malam, ina kayan koyarwarka?"

Sufeton makarantu ne ya katse ni ina yi wa yara bayanin yadda ɗumamar duniya ke haukata iska da ruwa. A hannunsa akwai takardar da za ta tabbatar da ni a aiki ko ta kore ni.

"Ko hoton gajimare babu? Ta yaya yaro zai gane abin da bai gani ba?"

"Ranka ya daɗe, hotunan sun jiƙe."

"Sakaci! Ku malaman yanzu sai son albashi."

Na haɗiye abin da ya taso mini. Tun guguwar bara nake zarya a ofishinsu kan gyaran ajin, kullum sai a ce in dawo gobe.

"Yara, ku nuna wa mai girma gajimare."

Suka ɗaga yatsu sama, inda rufin ajinmu yake a da. Hadari ya haɗu, baƙi ƙirin.

Ya duba, ya gyara hula. "Rufi ba sashena ba ne." Ya rubuta ban cancanta ba.

Ɗigon farko ya sauka a kan tawadar.

"Wannan kuma, yara, shi ake kira ruwan sama."