Ɗalibar Asibiti da Mai Wainar Bakin Tasha

Ke da kike ɗokin sa farar riga, tsaya ki ji wannan. An yi wata ɗaliba a makarantar koyon aikin lafiya, hannu gare ta kamar ba 'yar koyo ba, in ta yi maka allura sai ka tambaya ko an yi. Darasin riƙe sirrin majiyyaci ne kawai take hamma a cikinsa, wai shi ma wannan har sai an koya wa mutum? Da aka tura ta asibiti sanin makamar aiki, sai aka ajiye ta ɗakin da masu tarin fuka ke karɓar magani. Ran nan tana ɗaga kai, wa za ta gani? Mai wainar bakin tasha, wadda duk unguwarsu da wainarta ake karyawa. Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, ta karɓi ƙwayoyinta ta fice. Ɗaliba ta sani sarai, an koya musu wanda ya daɗe kan magani ba ya yaɗa cutar. Amma ina! Tana komawa gida ta ja innarta gefe, ta raɗa mata a daina aiken yara sayen wainar nan, mai ita tarin fuka gare ta. Ita inna, don Allah ta yi, ta raɗa wa maƙwabciya. Kafin Juma'a ta zagayo, ko almajiri ba ya tsayawa gaban tandar.

Matar ta daina zuwa karɓar magani, don duk wanda ya gan ta a hanyar asibiti sai ya toshe hanci. Ɗaliba ta lura, ta ce ƙila wani asibitin ta koma. Sai bayan damina aka turo wata a kan gado, ƙashi da fata, tana tarin jini. Aka ce ɗaliba ta sa mata ruwa. Ta kama hannun tana laluben jijiya, ta dubi fuskar. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Mai waina ce. Allurar ta suɓuce wa ɗaliba ta faɗi ƙasa. Matar ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "'Yar nan, na kusa warkewa fa. Me na yi miki?" Ba ta kai la'asar ba.

Ɗaliba ta sandare a bakin gadon, kuka ma ya ƙi zuwa. Ba ta taɓa matar da wuƙa ba, ba ta ba ta guba ba, ga shi kuwa ana ja mata zane a fuska. Gaskiyar Hausawa ce da suka ce, baki shi ke yanka wuya.