Baƙar Roba

Da makaniken ya kwance bakin famfon, sai zoben robar da ke hana yoyo ya fito a kumbure, ya yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Ya gaji da canza shi. Tun da masana'antar ta sauya sinadarin wanke ƙarafa, duk robar da ya sa sai ta saki, manaja kuma ya ɗora masa laifi, har ya fara zancen sallama.

Sabuwar injiniyar masana'antar, da ke tsaye kusa da shi, ta matsa zoben da filaya.

"Baba, ba laifinka ba ne," in ji ta. "Wannan baƙar robar don mai aka yi ta. Sabon sinadarin ratsa ta yake yi tun kafin ido ya ga alama. Wata iri za mu sa."

Makaniken ya zauna a kan durom ya sauke numfashi. Ko ƙarfin murna ba shi da shi. Ya kai safar hannunsa baki zai cire ta da haƙori, don yatsunsa sun daɗe da daina jin abin da suka riƙe.

Ta kama hannunsa. Ta ja safar, ta ga irin baƙar robar nan ce, ita ma ta yi laushi.

"Baba, wa ya ba ka wannan?"

"Manaja ne ya raba mana, 'yata. Mu duka."

Ta juya a hankali. Ma'aikata na jere a bakin kwamin wanki, hannuwansu cikin sinadarin har gwiwar hannu, kowa sanye da baƙar safa irin tasa.