Karen da Ba Ya Haushi

"Wane irin kare ne wannan, ba ya gajiya?"

Hester tana yanka albasa ta ji wani mai fataucin shanu ya jefa wa mijinta tambayar. Cinyar saniya na juyawa a kan wuta. Sarƙar da ke jan tsinken ƙarfen ta bi ta wata 'yar kafa a bango, ta shige ɗakin baya.

"Tsoho ne, amma ya san abin da ke ciyar da shi," in ji mijin, Jethro.

"Namu da ya ji ƙanshin nama sai ya ɓuya, ɗan banza! Sayar mini mana."

"Ko da shanunka duka, ba zan sayar ba."

Aka kwashe da dariya.

A zamanin kakanni mutum ake zaunarwa gaban wuta, shi ake kira mai juya tsinke. Yanzu sunan ya koma kan karnuka masu gajerun ƙafafu. Kowane masauki a hanyar garin Hereford yana da nasa, yana gudu cikin wata gangar katako, gangar na jan sarƙa. Na kowa a fili yake a kicin. Na Jethro kaɗai ne a kulle. Wai yana cizo.

Tun da aka kawo Hester gidan ba ta taɓa jin haushinsa ba. Ranar Lahadi matan gari kan je coci da karnukansu, karnukan su kwanta su ɗumama musu ƙafa. Ita sai ta zauna da sanyinta tana yi wa mahaifinta addu'a, makahon da Jethro ya ce ya kai gidan gajiyayyu na birni bayan bikinsu. Duk sanda ta ce a kai ta ta gan shi, sai ya ce hanya ta lalace.

Ba ta iya musu ba, amma tana da ido. Ta ga Jethro da kansa ke kai abincin, kuma babu ƙashi a ciki, sai romo da jiƙaƙƙen burodi. Ta ga in sarƙar ta yi sanyi yakan ɗauki garwashi da awartaki ya cilla ta kafar. Sarƙa ta zabura. Ko kuka ba a ji.

Wannan shirun ne ya tsaya mata a rai.

Wata Lahadi ta ce kanta na ciwo. Jethro ya ɗora nama ya tafi coci. Ta zaro makullin ɗakin baya daga ƙarƙashin tulun gishiri, ta ɗebi ruwa a kwano. Za ta saki karen ya kama gabansa, in ya so a dake ta.

Zafi ne ya fara tarar ta. Gangar katakon na yashe a lungu, yanar gizo ta rufe ta. A cikin duhu, hannuwa biyu na juya wani mariƙin ƙarfe. Sai ta ji muryar da ta sani tun tana yarinya.

"Kai ne, Jethro? Ban tsaya ba, ɗana, numfashi kawai na ja. Alkawari na nan: ni in juya, ita ta zauna ɗakinta da mutunci. Kada dai ta sani. Ranar da ta sani, ranar zan mutu."

Hester ta toshe bakinta. Ta ajiye kwanon inda hannunsa zai kai, ta ja ƙofa a hankali, ta mayar da makulli ƙarƙashin tulu. Ba za ta gaya wa kowa ba, ko limamin coci, balle shi tsohon.

Ta tsaya a kicin tana kallon naman da mahaifinta ke juyawa.