Hoton da Dillali Ya Mayar

Hoto ɗari biyu aka kai wa dillalin otal-otal, ya mayar da ɗaya. A bayansa ya manna takarda: wannan ba hannun Maigida ba ne, jabu ne. In ba a kori wanda ya yi shi ba, kada a sake kawo masa ko tsinke.

Manaja ya jingina hoton da bango, ya taɓe baki. Shekara tara yana riƙe da gidan zanen nan, ba a taɓa watsa masa ƙasa a ido haka ba. Aikin ai a tsare yake. Ƙyalle ya shigo fari fat, Mai Sama ya shafa shuɗi ya tura gaba. Mai Ruwa ta ja kogi. Mai Bishiya ya dasa uku, don uku ne ke dacewa da bayan kujerar falo. Daga nan a kai ofis, Maigida, wanda sunansa kaɗai ake saye, ya rattaba hannu da yatsun nan nasa masu rawa. Masu saye kuwa, kalar labulensu suke dubawa kafin su dubi hoto.

Amma wannan fa? Sama kamar ruwan wanki, kogi a karkace, bishiya ɗaya tal, ita ma busasshiya.

Manaja ya jera ma'aikata, kowa ya rantse bai san zancen ba. Bai ɓata lokaci ba, ya zaɓi Mai Ruwa. Ita ce mai rawar kai, wai har makarantar zane ta yi, kamar an ce mata nan wurin nuna basira ne. Ta yi kuka, ta ce 'ya'ya uku take ciyarwa. Ya rubuta takardar sallama tana tsaye.

Ofishin Maigida a kulle yake, kamar kullum da rana a 'yan watannin nan, wai tsufa ya koya masa barcin rana. Sai da Manaja ya buga sau uku aka buɗe.

"Ranka ya daɗe, dubi abin da aka liƙa wa sunanka. Ko kaza aka tsoma wa ƙafa a fenti ta fi wannan. Na gano mai laifin, sa hannunka kawai nake jira."

Tsohon ya karanta takardar dillali, ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya ninke takardar sallamar, ya cusa a aljihu.

"Ƙyale yarinyar nan ta koma bakin aikinta," in ji shi a hankali. "Shekara ashirin rabona da buroshi. Na so ne in ga ko har yanzu na iya, shi ya sa na saka shi a cikin naku."