Lambar da Ke Bangon Madafa

Da alli aka rubuta ta a bangon madafa, lambobi goma reras, ta fara da takwas ta ƙare da bakwai. Wuƙar yanke igiyar buhu Mijinyawa ya shigo nema, sai ya tsaya cak. Bokonsa bai yi nisa ba, amma ai ya san lambar waya in ya gan ta. Sifilin farko kawai aka cire, wai dabara!

Matarsa Safinatu malamar lissafi ce a makarantar 'yan mata a Bodinga. Shi kuwa dillalin albasa ne, waya ma abin da ya iya da ita kira ne da filashin. Tun farkon aurensu malaman nan masu guga da turare suke tsaye masa a rai.

Washegari yana zaure ya jiyo ta da abokiyar aikinta Rahinatu, suna tsaye gaban bangon.

"Wallahi Rahina, na gwada da ukku, da bakwai, da sha ɗaya, ko gezau. Har na'urar makaranta na sa. Ba ta rabuwa sai da ɗaya, sai kanta. Samun irinta sai an tona."

"Mai ita ya sani?"

"Ina! Bai san darajar abinai ba. Shi ya sa nika ƙara son shi."

Suka tuntsire da dariya. Mijinyawa ya ji kamar an watsa masa barkono a ƙirji.

Suna fita ya shiga, ya danna lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya maido musu sifilinsu, ya kira. Layin na cikin magana. Ya sake da hantsi, lokacin da take makaranta, haka. Daga kasuwar albasa ma haka. Wane irin ɗan hira ne wannan da bakinsa ba ya hutawa? Kuma da wa yake hirar, in ba da ita ba?

Kishi ya ci shi har ya rame. Ya daina taɓa tuwonta, ta yi tambayar duniya ya ƙi tankawa, don a ganinsa ya tambaye ta mai lambar ma zubar da girma ne. Ranar Laraba ya ce ta tattara ta tafi gidansu. Ta tafi Shagari tana kuka, ba ta san laifinta ba.

Mahaifinta Malam Sulaimanu ya aika aka kira Mijinyawa, ya zo. Suka zauna a zaure, Safinatu na gefe kanta a sunkuye.

"Mi ta yi maka, Mijinyawa?"

"Allah shi gafarta Malam, akwai wani. Lambatai na nan kaina, na hardace ta don baƙin ciki. A kira shi gabanka. Ya ɗauka, bai ɗauka ba, in dai ta shiga, ni da ɗiyarka mun gama."

"Ka san nauyin abin da ka hwaɗi?"

"Na sani."

Malam ya ciro wayarsa. Mijinyawa na faɗa yana dannawa. A lamba ta shida Safinatu ta ɗago kai da sauri ta buɗe baki, uban ya ɗaga mata hannu. Ya danna ta ƙarshe, ya buɗe murya don kowa ya ji.

Karon farko, ta shiga.

Sai waya ta ɗauki ƙara a aljihun Mijinyawa, sunan surukinsa na haskawa a fuskarta.