Sarewar Zailani

Tun kafin la'asar Zailani ya hau dutsen, ya goge bakin sarewarsa da gefen riga, ya kafa wa titi ido. Daga can sama ana hango duk motar da ta taso daga Tudun Wada, tun tana kamar ƙwaro har ta iso karyayyar kwalbatin da ke gindin dutsen. A nan dole direba ya rage gudu, kafin ya sha kwana ya shige dajin Falgore.

Shekararsa goma sha biyar. Bayan rasuwar mahaifiyarsa a Bebeji, mahaifinsa Inuwa, direban motar haya, ya kawo shi wurin yayarsa Baturiya a wani ɗan ƙauye da ke bayan kwanar. Ya ce da zarar ya samu ɗaki zai dawo ya ɗauke shi. Damina ta wuce, aka yi girbi, shiru.

Zailani yana da in'ina. Ya buɗe baki ke nan, yaran ƙauyen za su riga shi ƙarasa maganar, suna tuntsira dariya. Gwaggo Baturiya ba ta dukansa, amma tsakaninta da shi "ɗebo ruwa" ne da "kore awaki". Da ya gaji, sai ya bar maganar gaba ɗaya.

Wata rana ya bi sawun akuya cikin daji, sai ya ji kiɗan gurmi. A gindin wata kanya ya tarar da mutum huɗu suna gasa zabi, bindigoginsu a jingine. Suka ce su mafarauta ne. Mai gurmin, wani dogo da ake kira Mudi, ya tambaye shi sunansa, ya kuma jira har ya gama faɗa, bai yi ko murmushi ba. Sannan ya zaro sarewa daga taska ya miƙa masa.

"Gwada wannan, ɗan ƙanena. Ita ba ta in'ina."

Kafin wata ya zagayo, yatsunsa sun saba da ramukanta. Mudi na kaɗa gurmi, wani daga cikinsu mai suna Ubale na dukan bayan ƙwarya, shi kuma yana bi da busa. Suka sa masa suna Auta. Kwano ɗaya suke sa hannu da shi, in ya makara a ajiye masa cinya. Ranar da suka haɗa wani sabon take tare, mai tashi sama kamar kukan shaho, har rawa Ubale ya taka. Tun da aka binne mahaifiyarsa, ranar ce ya fara dariya.

A ranar ne kuma ya ba su labarin mahaifinsa, da kyar, kalma na tuntuɓe da kalma. Mudi ya daɗe yana kallon ƙasa.

"To ka riƙa hawa dutsen can," in ji shi. "Duk motar da ka hango daga Tudun Wada, ka busa mata taken nan namu da ƙarfi. Wa ya sani, ko babanka na ciki? Ya ji ɗansa na yi masa maraba."

Haka ya riƙa yi. Daga nesa motocin haya duk kamarsu ɗaya, bai san kuma wacce mahaifinsa ke ja yanzu ba, don haka kowacce ya gani sai ya busa mata iyakar numfashinsa. Wani lokaci, bayan motar ta sha kwana, yakan jiyo ƙarar bindiga can cikin daji, ya yi murna yau mutanensa sun dace. Naman dai bai taɓa wuce zabi da zomo ba. Ubale ya sayi agogo, Mudi ya zo da rakoda sabuwa fil.

Sannu a hankali motocin suka ragu. Wasu in sun iso kwalbatin sai su tsaya cak, su juya da gudu. A ƙauye ma yara suka bar tsokanarsa, in ya doso, mata su janye 'ya'yansu cikin gida. Sau ɗaya Gwaggo Baturiya ta ce, ba ta ko kalle shi ba, "Ka bar hawa dutsen nan." Ya ɗauka baƙin ciki take yi.

A yammacin nan wata babbar mota mai tamfol ce ta ɓullo. Ya busa mata. Ta wuce, sai ƙarar harbi ta cika dajin, irin wadda bai taɓa ji ba. Kafin ya miƙe, wasu hannaye sun danne shi ta baya.

A bayan motar 'yan sanda ya ga Ubale da ankwa. Kusa da shi akwai wani dogo a kwance, an rufe shi da buhu, ƙafafunsa a waje.

A ofishinsu da ke Tudun Wada, wani sufeto ya ajiye sarewar a gabansa. "Wata da watanni ana fashi a hanyar nan, an kashe mutane. Kai ne mai yi musu ishara." Zailani ya buɗe baki, harshensa ya maƙale a harafin farko. Sufeton ya jira kaɗan, ya girgiza kai.

Washegari aka tattaro direbobi daga tasha don su shaida busar. Suka ce ba za su yarda ɗan fashi ya ga fuskarsu ba, sai aka zaunar da su a ɗakin gaba, aka tura ƙofa. Aka ce da shi ya busa. Ya busa, yana tuna gindin kanya.

Ya sauke sarewar. Can wata murya da ya sani tun yana goye ta ratso ƙofar: "Ita ce, ranka ya daɗe, ba na mance ta. Sau biyu na taso ɗaukar ɗana Zailani a ƙauyen da ke bayan kwanar nan, ina jin wannan busa nake juya mota."